Takardar Koke Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwar Asibitin Gundumarmu

Daga iyalan 'yan Latino masu fama da ciwon daji da masu jinyarsu, kwarin Rio Grande, jihar Texas, Amurka.

Ranka ya daɗe,

Mu ne waɗanda ake gani tun da asuba a kujerun jira na sashen ciwon daji. Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, domin suna iya bakin ƙoƙarinsu a kan jikin majinyatanmu. Kukanmu a kan abin da muke komawa da shi gida ne.

A al'adarmu, idan ciwo ya kama mutum ɗaya, gidan duka ya kwanta. Iyali ne ke yanke shawarar magani, su ne ke kwana a gefen gado. Duk da haka, idan an kira mai ba da shawara kan damuwa, majinyaci kaɗai ake shigarwa, sau da yawa kuma da Turanci, alhali yawancin dattawanmu Sifaniyanci ne harshen da suke iya faɗin tsoronsu da shi. Matar da ta yi watanni tana wanke mijinta, tana kai shi ƙarin ruwan maganin daji, tana ɓoye hawayenta don kada ya karaya, ba a taɓa tambayarta yadda take barci ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne batun tafinta. An sha sa 'ya'yanmu, wasu ba su gama sakandare ba, su fassara wa mahaifiyarsu cewa ciwon ya bazu. Yaron da aka ɗora wa wannan kaya zai rage maganar don tausayi, ko ya faɗe ta duka ya kasa mantawa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana duk cibiyar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasa, sashe na 1557 na dokar lafiya ta 2010 kuma ya ƙarfafa hakan a asibitoci. Tafinta ƙwararre haƙƙinmu ne.

Ga kuma asarar hanyar cin abinci. Dokar hutun jinya ta 1993 ta ba da mako 12, ba tare da albashi ba, kuma ba ta shafi kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Mu kuwa a gonaki, wuraren gini da gidajen abinci muke aiki. Jiharmu ba ta faɗaɗa shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicaid, ba, don haka da yawanmu ba mu da inshora. Wasu sun sayar da motar da suke zuwa aiki da ita, wasu sun kasa biyan haya.

Tun 2015 aka wajabta wa cibiyoyin ciwon daji masu takardar amincewa su riƙa auna damuwar majinyata. Ana miƙa wa majinyatanmu takardar awon, suna zaɓen lamba tsakanin 0 da 10, daga nan sai shiru. Bara mun kawo wannan kuka da baki. A farkon bana mun rubuto, aka ce ana dubawa. Har yau ba amsa, kuma cikin waɗanda suka sa hannu a waccan wasiƙa akwai waɗanda muka riga muka binne.

Muna roƙo a buɗe zaman ba da shawara na iyali da Sifaniyanci, inda majinyaci da mai jinyarsa za su zauna tare, da yamma ko ƙarshen mako, ko ta waya ga na nesa. A riƙa auna damuwar mai jinya shi ma, a bi sakamakon. A ɗauki matan unguwa masu wayar da kai kan lafiya, promotoras, su riƙa ziyartar gidaje, domin mutanenmu sun yarda da su. A daina sa yara tafinta.

Ikon yin wannan yana hannunka, ranka ya daɗe. Muna roƙon ka sa mana ranar da wakilanmu za su zo gabanka.

Naku cikin biyayya,
Iyalan majinyata da masu jinyarsu.