Wasiƙa zuwa ga malaman Turanci na sakandare

'Yan uwana ma'abota alli da allo,

Duk wanda ya taɓa duba insha'in ɗalibai ya ci karo da irin jimlar nan: my father is an educational man. Yaron so yake ya ce mahaifinsa mai ilimi ne, amma sifar da ya ɗauko ta littafi ce ko ta shirin rediyo, ba ta ɗan Adam ba. Mukan ja jan biro, mu rubuta educated a sama, mu wuce. Sati na zagayowa kuskuren ya dawo. Roƙona gare ku shi ne mu tsaya a kan wannan wuri.

Tushen matsalar yana cikin jadawalin da muke zanawa a allo: educate aikatau, education suna, educational sifa. Gurbi ɗaya tak muke ba sifa, alhali wannan tushe yana da uku da ake amfani da su. Educated ta mutumin da ya yi karatu ce. Educational ta duk abin da ya shafi ilimi ce, ko makaranta ko kayan aiki ko ziyara. Educative kuwa ta abin da ke ƙara wa mutum sani ce, kuma mu a Najeriya mun fi Turawan Ingila yawan faɗinta.

Yaron nan fa ya riga ya san bambancin tun daga gida. Ba zai taɓa rikita mutum mai ilimi da harkar ilimi da shiri mai ilimantarwa ba. Hausa da "mai" da "na" take yin aikin da Turanci ke yi da ɗafa-ƙeya. Don haka ku sa shi ya fara faɗin abin da yake nufi da Hausa, sannan ku tambaye shi: mutum kake siffantawa ko abu? Na san wasu shugabannin makarantu ba sa son jin Hausa a ajin Turanci. Ina girmama su, amma a ganina minti biyu na Hausa a nan sun fi darasi guda na hadda amfani.

Akwai kuma inda Turanci ba ya neman sifa ko kaɗan, sai suna ya jingina da suna: school fees, education officer. Misalan sifa kuwa suna kewaye da mu. Shirin Universal Basic Education da aka ƙaddamar a 1999 yana ɗauke da sifa biyu a jere kafin suna. A sunan ƙungiyar ASUU, wato Academic Staff Union of Universities, academic sifa ce da ke bayyana staff, amma idan aka ce an academic ta zama suna, wato malamin jami'a. Ku gargaɗi yara kan academician, domin asalinta ɗan wata majalisar masana ake nufi, ba kowane lakcara ba. Haka scholarly ta aikin bincike mai zurfi ce, scholastic kuma ta harkar makaranta, duk da tushensu ɗaya.

Kada ku bar furuci a baya, tunda WAEC tana tambayar inda nauyin kalma yake faɗawa. A educate nauyin yana gaɓar farko, a education sai ya koma ta uku. A academy yana gaɓa ta biyu, a academic ya matsa zuwa ta uku, domin ɗafa-ƙeyar -ic da -tion kan jawo shi zuwa gaɓar da suke bi. Ita kuwa learned, idan sifa ce ta masani, gaɓa biyu ake furta ta, kamar yadda lauyoyi ke kiran juna my learned friend a kotu. Kunnen da ya saba rarrabe karin sauti a Hausa ba zai sha wuyar kama wannan ba, muddin an maimaita masa da baki.

A darasi na gaba, ku ɗauki tushe ɗaya kawai, a ce instruct ko study, kowane ɗalibi ya gina jimla a kan kowace siga game da makarantarku, ya karanta a gaban aji, 'yan uwansa su faɗi ko sifar ta dace da abin da ta siffanta.

Wassalam,
Abokin aikinku.