Tikitin Tasha Ba Lasin Ba Ne

Shekaru fiye da goma ke nan ana kai ruwa rana tsakanin Gwamnatin Jihar Legas da masu sana'ar acaɓa, waɗanda da dama daga cikinsu samari ne da suka baro Arewa neman abin kai wa bakin salati. Maganar ta riga ta je gaban shari'a, ya kamata kuwa kowane mai babur ya san yadda ta ƙare.

Cikin watan Agusta na 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a kan dokar hanya wadda ta hana 'yan acaɓa bin tituna 475. Ƙungiyar masu babur ta kai ƙara Babbar Kotun Jihar, tana cewa an tauye musu 'yancin kai da kawowa wanda tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa. A watan Disamba na shekarar Mai Shari'a Aishat Opesanwo ta kori ƙarar. Watau 'yancin mutum na zuwa inda ya ga dama abu ne daban, iznin ɗaukar fasinja don kuɗi kuma daban. Shi wannan hukuma ke ba da shi, bisa sharuɗɗanta.

Tun daga nan abin sai ƙara tsanani yake yi. Ran 1 ga Fabrairu, 2020, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, hanin bai bar ko kamfanoni masu rajista irin su Gokada ba. A watan Yuni na 2022 aka sake jaddada shi, a watan Satumba kuma aka ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Dubban babura da aka kama an murƙushe su.

Abin takaici shi ne har yanzu akwai mai zaton tikitin da yake yanka kullum safiya a tasha shi ne izninsa. Ba haka ba ne. Takardar 'yan kamasho ba ta hana kamu, ba ta kuma tsaya wa mutum gaban alƙali. Ranar da aka ƙwace babur, bashin da aka ci aka saye shi yana nan a wuya, iyali kuwa na can gida sun zuba ido.

Ita ma hukuma da nata. A watan Agusta na 2019 an tare mutum 123 'yan Jihar Jigawa da babura 48 suna shigowa Legas, daga baya aka sake su. Dokar hanya ta shafi babur da titin da ya bi, ba ta shafi asalin mai shi ba. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama ko'ina cikin ƙasarsa.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni su riƙa bayyana wa baƙi wuraren da aka hana, su kuma aika gida da labari tun kafin yaro ya sayar da gona ya sayi babur. Wanda aka zalunta ya nemi lauya ta hannun ƙungiyarsa, kada ya ɗauki dutse. Rashin sani ya fi dare duhu, kotu kuwa ba ta karɓarsa a matsayin hujja.