Tony Granato: Suna a fili bai isa riƙe kujerar koci ba

Sallamar da Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta yi wa Tony Granato, kocin ƙungiyarta ta wasan hoki na ƙanƙara, a Maris 2023, ta nuna iyakar tasirin suna. Granato ya shafe kaka 13 a gasar ƙwararru ta NHL. Jami'ar da ta raine shi ta ba shi aikin a 2016, ya kai ta saman rukunin Big Ten a 2021. A shekarar ce gwarzonta Cole Caufield ya koma NHL, kuma a 2023 ta ƙare a ƙasan tebur. A jami'a gwanaye ba sa daɗewa, don haka wanda ya iya zaƙulo matasa shi ke ɗorewa. Magajinsa, Mike Hastings, bai taɓa buga NHL ba.