Shin Kyau Da Muni Ra'ayin Mutane Ne?

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a kasuwa da ofis, wato a ce "ai kowa haka yake yi". Da ita mai awo yake kare tauye mudu, da ita ma'aikaci yake kare karɓar na goro kafin ya sa hannu a takarda. To, shin idan mutanen gari duka suka daina ganin munin abu, munin nan ya gushe ke nan?

Malaman tauhidi sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Mu'utazilawa, mabiya Wasilu ɗan Aɗa'u na Basra wanda ya rasu a shekarar 748 Miladiyya, suka ce kyau da muni suna cikin aikin kansa, hankali kuwa gano su yake yi. A wurinsu zalunci mummuna ne ko da Manzo bai zo ya faɗa ba.

Imam Abul Hasan Ash'ari, wanda ya yi shekaru a cikinsu kafin ya rabu da su, ya ce a'a: abin da Allah ya yi umurni da shi shi ne kyakkyawa, abin da ya hana shi ne mummuna, kuma babu lada ko azaba sai bayan zuwan Shari'a. Wannan ita ce aƙidar da malamanmu na zaure suke karantarwa daga littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan. Imam Maturidi na Samarƙandi, wanda ya rasu a 944, ya tsaya tsakiya, ya ce hankali yana iya gane kyaun wasu ayyuka da muninsu, amma mai hukunci Allah ne shi kaɗai.

Abin lura a nan, duk da wannan saɓani, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce yardar jama'a ita ce ma'auni. Mutanen Madyana sun saba da tauye awo har suka yi mamakin Annabi Shu'aibu da ya hana su, amma sabon bai cece su ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in za ka buga mudu ko ka buɗe fayil, kada ka dubi yawan masu yin abu. Tambayi kanka, mene ne hukuncinsa? Allah ya sa mu dace, amin.