WA YA SHAWARCI MAIGATARI?

Ya ku 'yan'uwa, wajibi ne mu tambayi kanmu: su wa ke yanke hukunci a kan abincinmu?

A ranar 30 ga Yuli, 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Nijar, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki. Kasuwar Alhamis ta Maigatari, wadda raƙuma da shanun Damagaram ke rayawa, ta yi sanyi. Dillali a Gumel, manomi a Gagarawa, direba a Sule Tankarkar, kowa ya ji a jikinsa. Ba a janye takunkumin ba sai a Fabrairun 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. A duk wannan, babu wanda ya nemi jin ta bakin mazauna iyaka.

Abin lura shi ne, ECOWAS tana da majalisa, wadda aka ƙaddamar a Bamako a 2000. Lokacin da ƙasashen suke 15, kujerunta 115 ne, Nijeriya na da 35. Amma babu ɗayanmu da ya taɓa jefa ƙuri'a don zaɓen ɗan wannan majalisa, domin daga cikin 'yan majalisun ƙasa ake tsamo su, alhali yarjejeniyar 1994 ta tanadi zaɓe kai tsaye. Sannan mafi yawan aikinta ba da shawara ne. Mutanen Turai kuwa tun 1979 suke zaɓen tasu majalisar da hannunsu.

Wani zai ce muryar talaka ba ta isa can. To, mu tuna Agustan 2023: da jama'ar Arewa suka nuna ƙin yaƙi, Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da tura soja, malamai suka tafi Yamai neman sulhu. Ashe murya tana da tasiri, hanya tabbatacciya ce ba ta da ita.

Saboda haka muna kira: ƙananan hukumomin nan huɗu ɗan Majalisar Wakilai guda ke wakiltar su. 'Yan kasuwa da makiyaya da malamai su zaunar da shi, su nemi ya goyi bayan zaɓe kai tsaye, da ƙa'idar cewa ba a rufe iyaka sai an saurari mazaunanta. Shawara haƙƙin al'umma ce, ba alfarma ba.

Allah Ya yi mana jagora.