A Yi Mahawara A Kan Bara, Amma Da Masu Abin A Zaune

Duk lokacin da hukumomin Jihar Ikko suka fito suna kwashe mabarata daga kan tituna, sai wata tsohuwar gardama ta taso a zangunan 'yan Arewa, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabo na Badun. Ana jin masu cewa bara sana'ar malalata ce, a tattara makafi da guragu da kutare a mai da su garuruwansu. Tambayar da ke gaban shugabannin naƙasassu ita ce: a fito fili a yi mahawara da masu wannan ra'ayi, ko kuwa a yi musu kunnen uwar shegu?

Masu son a yi shiru suna da hujjarsu, kuma ba abar rainawa ba ce. Suna cewa wanda ya zauna gardama da mai zaginsa ya ɗaukaka shi ne, kuma tattauna wannan al'amari a gaban masu masauki tonon asirin Arewa ne. Suna tunawa da shekarar 1981, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin naƙasassu, aka sha jawabai, amma makahon da ke bakin gada bai ga canji ba.

To, amma tarihin dokar naƙasassu a ƙasar nan ya nuna akasin haka. Shekara da shekaru Majalisar Tarayya tana zartar da shirin dokar, shugabanni suna barin gado ba su sa hannu ba. A watan Janairu na 2019 aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari tambaya a kansa a wani taron talbijin, ya ce bai iso gabansa ba. Naƙasassu suka yi zanga-zanga, kafin watan ya ƙare ya sa hannu. Dokar ta hana nuna bambanci saboda naƙasa, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan ma'aikatun gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Abin da roƙo a ɓoye ya kasa samowa, tambaya ɗaya a bainar jama'a ta taimaka aka same shi.

Akwai kuma darasin shan inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin yana hana haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da shi. Cutar ta sake yaɗuwa, yara da yawa suka gurgunce. Ba tsawa ce ta kashe wannan magana ba. Sai da aka gwada maganin, sarakuna da malamai suka shiga bayani, aka koma rigakafi a 2004, kuma waɗanda cutar ta naƙasa suka riƙa bin unguwanni a kan kekunansu suna nuna wa iyaye abin da ake gudu. A 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Ra'ayin da aka ƙi amsawa ba ya mutuwa, komawa yake yi zaure da tasha yana yin ƙarfi.

Sai dai ba kowace gardama ce ta cancanci kujera ba. Ko a hana bara ko a bar ta, wa zai ciyar da wanda aka hana, wace sana'a za a koya masa, duk waɗannan abin tattaunawa ne. Amma ko naƙasasshe cikakken mutum ne, ko yana da ikon zama a Ikko kamar kowane ɗan ƙasa, wannan tsarin mulki ya riga ya yanke shi, ba a sake buɗe shi don nishaɗin masu sauraro.

Sharaɗi na biyu shi ne masu abin su yi magana da bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zangunan Kurmi suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun zamanin da, gidan Oko-Baba na Ebute-Metta kuma cike yake da mutanen da suka san abin da ya raba su da gida. Lokacin da Gwamnatin Kaduna ta hana bara a 2015, mabaratan da kansu suka fito suka ce a ba su abin yi kafin a kore su daga titi, kuma maganarsu ta fi ta kowane mai tausayi nauyi.

Haka kuma dole jama'ar zango su jure jin abin da ba shi da daɗi. Dokar 2019 ɗin nan ta haramta yin amfani da naƙasasshe wajen bara, alhali kuwa an san akwai masu ɗauko su daga ƙauyuka suna cin guminsu. Rufe wannan ba kare mutuncin Arewa ba ne.

Wa'adin gyaran gine-gine ya cika tun Janairun 2024, amma har yanzu gurgu yana tsayawa a ƙasan matakalar ofisoshi da yawa yana jiran mai ɗaukarsa. Ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin naƙasassu su nemi fili a rediyo, su je da dokar a hannunsu, su tambayi hukuma abin da ta yi da ita.