Manhaja Ba Ta Ban-Ruwa

A watan jiya wani saurayi ya same ni a ɗan ofishin da muke haya a Fagge, kwamfutarsa a hammata, ya ce ya zo da dabarar da za ta raba mu da talauci. Manhaja yake so in gina masa, irin Jumia amma ta shuke-shuke. Mutum yana kwance a ɗakinsa zai zaɓi fure ko dashen mangwaro ko ciyawar tsakar gida, ya biya, ɗan sahu ya kai masa har ƙofa, shi kuma mai manhaja ya zare kashi 15 cikin 100 na kowane ciniki. Na tambaye shi masu lambu nawa ya zauna da su kafin ya zo wurina. Ya ce ai su ne matsalar, kansu bai waye ba, shi ya sa yake so ya "kawo su intanet".

Na ƙi aikin, kuma zan faɗi dalilina a fili, domin ba shi kaɗai ba ne. Duk taron 'yan fasaha da za ka je a garin nan sai ka ji wani yana shirin ceto manomi da wayar salula. Ni ma da rubuta manhaja nake cin abinci, don haka dokin nan da zan yi har da bayana a ciki.

Su wa za a kawo intanet? Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira mutane suka kwana a layin banki, mai sayar da dashe a bakin titi ya rubuta lambar asusunsa ta OPay ko Moniepoint a jikin kwali ya jingina da tukunyar fure. Mai latas yana tura wa dillalinsa na Yankaba saƙon murya ta WhatsApp tun da asuba. Matar da ke da gidan abinci a Sabon Gari tana ganin hoton kabeji kafin ta aika yaro. Sun riga mu isa, kuma ba wanda yake yankar musu kashi 15. Abin da saurayin nan yake kira taimako, sabon dillali ne kawai, dillalin da bai taɓa ɗaukar butar ban-ruwa ba.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Shekara biyu da suka wuce na je sayen abin da zan dasa a gidan mahaifiyata. Na nuna wa wani dattijo mai lambu wata shuka mai faffaɗan ganye, kore shar, na ce ita nake so. Bai faɗi kuɗi ba, sai ya hau ni da tambaya. Tsakar gidan siminti ne ko ƙasa? Ruwan rijiya kuke sha ko na 'yan garuwa? Akwai akuya? Da la'asar rana tana dukan wurin? Da na gama ba shi amsa ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan ba za ta ga bazara a gidanku ba. Ajiye kuɗinka." Na ce, "To Baba, me zan ɗauka?" Ya miƙo mini gwaba da zogale a leda, kuɗinsu bai kai rabin na waccan ba, ya ce in haɗa ramin da toka saboda gara.

Na san yadda ake tsara rumbun bayanan kantin intanet, na yi ya fi a ƙirga. Akwai gurbin suna, gurbin farashi, gurbin hoto, gurbin adadin da ya rage. Babu gurbin "kada ka saya". Kuma ba mantuwa ba ce: manhajar da take rayuwa da kamasho ba za ta taɓa ce wa mai saye ya ajiye kuɗinsa ba. Idan shukar ta mutu cikin wata biyu ma riba ce, domin zai dawo ya sayi wata. Abin da Baba yake sayarwa sanin ƙasar Kano ne, dashen gyara ne kawai.

Hoto kuwa ya riga ya ɓata mana ido. Mai kuɗi ya ga lambun wani otal na Dubai a Instagram, sai ya ce shi ma ciyawa yake so shimfiɗe kamar darduma, a garin da zafi ke wuce maki 40 a watan Afrilu, damina kuma ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, a unguwar da maƙwabcinsa ke sayen ruwa jarka-jarka. Sai a haƙa burtsatse don ciyawa. Sai a jera dogayen bishiyoyin nan sirara a jikin katanga, waɗanda ko kaza ba za ta sami inuwa a gindinsu ba. Garin da unguwanninsa suka ci sunan itatuwa, Kurna da Giginyu da Durumin Iya da Rimin Kebe da Tsamiyar Boka, yau ya koma sayen itace da ido. Darbejiya ma baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, amma ta zauna da mu ne saboda ta jure fari ta ba da inuwa, ba don ta yi kyau a hoto ba.

Duk wanda yake son sanin ciwon masu lambun Kano, ya bar ofis ya bi Jakara. Tana fitowa daga cikin birni ta ratsa ta gefen Fagge da Sabon Gari, ta kwashi ruwan kwatamin dubban gidaje, ta wuce Kwakwaci, ta haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta ƙare a madatsar Wasai. A gaɓarta mutane suka shekara da shekaru suna noman rani, alayyahu da latas da karas da albasa, kuma da wannan baƙin ruwa mai kumfa suke ban-ruwa, domin babu wani. Masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, sun sha samun gubar ƙarafa irin su dalma. Latas ɗin da muke ci da ƙuli da yamma, wani daga can ya fito. Wace manhaja ce za ta tace wannan ruwa? In ma an sa shi a intanet, ruwan nan ne dai ya shayar da shi, sai dai a ƙara masa leda mai tambari da kuɗin kawowa.

Ga kuma fili. Yawancin masu lambun nan aro suke ko haya, babu takarda a hannunsu. Rana ɗaya za a wayi gari an kafa turaku, bayan wata shida shaguna sun tashi. A Fagge, inda Kantin Kwari yake, taku ɗaya na ƙasa ya fi kwandon tumatir dubu daraja a idon mai gini. Masu sayar da furanni a bakin titi su ma zaman ɗar-ɗar suke, faɗaɗa hanya ɗaya ta isa ta tashe su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da injin ban-ruwa ya zama abin lissafi, wasu sun koma guga da bokiti. Ban taɓa jin ɗan fasaha ya tashi a taro ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin babu kamasho a cikinsu.

Za a ce ina adawa da ci gaba. To, akwai abin da zan yi kyauta in an neme ni. Taswirar kowane lambu da ya rage tsakanin Kwarin Gogau da Wasai, da hoton tauraron ɗan'adam na kowace shekara, yadda ranar da aka cinye fili kowa zai ga lokacin da aka cinye. Ko saƙon murya da Hausa kowace safiya mai faɗin farashin Yankaba, don mai lambu ya san abin da dillali ya sani. Na faɗa wa saurayin haka. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wa zai zuba jari a wannan?"

Ya sami wani ya gina masa. Shekaranjiya ya turo mini gwajin farko don in gani in yi nadama. Hoton da ke shafin farko furen tulif ne na ƙasar Holan, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa ana kaiwa ko'ina cikin Kano a kwana ɗaya.